Kilishi ya tsaya a Narita, ni na wuce gidan kabuki

Sati uku kenan da dawowata daga Japan amma har yau duk wanda ya zo yi min sannu da zuwa tambayarsa ɗaya, Malam motoci nawa ka saro? Jama'a ko taya ban saro ba. Na san dalilin tambayar, saboda bayan koyar da Hausa da nake yi a sakandare ina ɗan taɓa harkar safaya a Ƙofar Ruwa, to duk wanda ya ji Japan sai ya ɗauka kwantena ce a hanya. Ƙanena ne yake digiri na uku a Tokyo, shekara huɗu rabonsa da gida, Hajiya ta matsa lallai sai wani ya je ya gano mata shi ido da ido, wai a bidiyo kol tana ganin ya rame shi kuma kullum lafiya lau lafiya lau, to ni ne babba, ni aka ɗora wa, shi ya biya rabin kuɗin jirgi ni na ciko.

Neman biza ya kai ni Abuja sau biyu. Mota daga Kano zuwa Kaduna, sai jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu. Shingayen hanya kuwa tun kafin Zariya na daina ƙirgawa, direbanmu ya tara canji a ƙarƙashin dashbod, duk inda aka ɗaga hannu sai ka ji "Oga sannu da aiki" hannu ya fita ta taga ya dawo wayam. Ku riƙe maganar shingen nan, za mu dawo kanta. Abin da ya ban mamaki a takardun biza shi ne sai ka rubuta jadawalin kwanakinka ɗaya bayan ɗaya, ranar kaza ina nan, zan kwana nan. Ƙanena ne ya cike ya turo, a ciki naga ya rubuta Kabuki-za rana ɗaya, ban ma tambaye shi ba, na ɗauka sunan wata kasuwa ce.

Bayan ƙaramar sallah da 'yan kwanaki na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Adis Ababa, daga nan muka miƙa Seoul ta Koriya ta Kudu, sannan Narita, filin jirgin Tokyo. Zama ne kawai, ƙafa ta kumbura, ba wani labari. Suna gaban mu da awa 8, wato ina sauka jikina yana cewa safiya ce su kuma dare yake shirin yi musu.

Shige da fice ba matsala, an ɗauki hoton yatsu da na fuska aka manna min takarda a fasfo. A wajen ɗaukar kaya ne abin ya faru. Ina tsaye na jawo akwatina sai ga wani ɗan guntun kare mai faffaɗan kunne sanye da riga, wata ma'aikaciya tana riƙe da shi, ya zo ya shinshina akwatin ya zauna daram a gefensa yana kallona. Ni abin da ya fara zuwa raina ma kar ya taɓa min wando ne, na ja da baya ina a'uzubillahi. Ashe shi aikinsa kenan. Aka kai ni wani kanta aka buɗe, ga kilishin Hajiya nannaɗe cikin takarda har ƙulli uku, ga dambun nama cikin roba, duk na autanta ne. Nama kowane iri ba ya shiga ƙasar sai da takardar lafiya ta hukuma, sun nuna min allo da hotuna, tarar tana iya kaiwa yen miliyan 3 ga wanda ya ɓoye da gangan. Ni dai ban ɓoye ba, rashin sani ne. Amma abin da ya tsaya min shi ne mutumin yana kwashe min kilishi yana rusuna min yana ba ni haƙuri, ya ɗauki ƙulli ya sunkuya, ya ɗauki wani ya sunkuya, har na rasa ta inda zan fara jin haushi. Yaji da garin kuka sun duba sun bar min. Da na fito na faɗa wa ƙanena ya dafe kai yace Yaya ai na faɗa maka a waya, nace ka faɗa wa Hajiya dai, ni wa na isa in cire mata kaya daga akwati.

Rama kam bai rame ba, tafiyar ƙasa ce kawai ta tsotse masa tumbi. Ɗakinsa kuwa wallahi shagon mai caji a Sabon Gari ya fi shi faɗi, su da tabarma suke auna ɗaki, nasa tabarma shida ce, ni a katifa shi a ƙasa, in ɗaya zai yi sallah sai ɗaya ya hau gado. Lissafin kuɗi ya zo min da sauƙi lokacin, yen ɗaya kusan naira 10, duk farashin da na gani sai in ƙara sifili ɗaya, kuma sifilin nan shi ya hana ni sakewa har na dawo. Abinci shi ne wahala. Alade yana shiga inda ba ka zato, har cikin romon taliya, ga wata giyar girki da suke zubawa a miya, don haka ni da dunƙulen shinkafar nan mai kifi a ciki da ake sayarwa a ƙananan shaguna wajen yen 150 muka ƙulla zumunci, sai ranar da muka je Shin-Okubo muka sayo kaza ta halal ya yi mana miyar kuka da garin shinkafa.

Ranar Juma'a muka je Tokyo Camii a Yoyogi-Uehara, masallacin da Turkawa suka sake ginawa aka buɗe a 2000. Bayan an idar ina neman takalmina naji wani yana waya da Hausa, irin ta Zango, ashe ɗan Nima ne ta Akara, shekara goma sha yana aiki a inda ake farfasa tsofaffin motoci ana loda injina zuwa Afirka. Muka gaisa kamar mun san juna tun yarinta. Da ƙanena ya ce masa gobe zai kai ni kabuki, wasan kwaikwayonsu na gargajiya, sai ya kwashe da dariya, yace shi duk zamansa bai taɓa leƙawa ba, wai masu farar fuska suna kuka kamar kyanwa awa huɗu, in barci nake nema in je.

Wanda ya ja mu ɗin wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya yana koya wa baƙi Japananci kyauta a unguwarsu, ƙanena Sensei yake ce masa, wato Malam, ni kuma Baba nake ce masa kuma ya karɓa. Tun da ya ji ni ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo a makarantarmu ya ce ba zan bar ƙasar ba sai na gani. Muka sauka a tashar Higashi-Ginza, tun daga ƙarƙashin ƙasa ka fara ganin fitilun takarda ja da shagunan tsaraba, muka haura sai ga ginin, fari mai lanƙwasasshen rufi irin na da, amma a bayansa dogon bene ne na ofisoshi mai hawa 29 ya fito kamar daga kansa ya tsiro. Baba yace tun 1889 gidan yake a nan, wuta ta ci shi a 1921, ana cikin sake gini girgizar ƙasa ta 1923 ta zo, bama-baman Amurka suka ƙona shi a 1945, wannan na yanzu shi ne na biyar, an buɗe shi a 2013, kuma kamfanin Shochiku ke riƙe da shi. Yana cin kusan mutum 2,000.

Kujerun ƙasa na gaba sun haura yen 16,000, ka ƙara sifili ka ji. Amma akwai dabarar talaka, tikitin kallon fita ɗaya, ba ka zauna wa shirin ranar duka ba, ka zaɓi wasa guda ka biya tsakanin yen 1,000 zuwa 2,000, ƙofarku ma daban a gefe, lifta ta ɗauke ku kai tsaye zuwa hawa na huɗu can ƙololuwa. Nan muka zauna, gwiwata tana dukan kujerar gaba. Baba ya ba mu labarin wasan tun a layi saboda in an fara ba magana, ba hoto, waya a kashe.

Sunan wasan Kanjincho, tun 1840 ake yin sa. Kuma jama'a labarin shingen hanya ne! Wani jarumi ɗan sarauta Yoshitsune ya ɓata da yayansa Yoritomo mai mulkin ƙasar, a ƙarni na 12 kenan, yayan ya sa a kafa shingaye a kamo shi. Shi da yaransa suka yi shigar malaman dutse masu yawon neman taimakon sake gina babban wurin ibadar Todaiji na Nara, shi maigidan ya yi shigar ɗan dako ya rufe fuska da malafa yana can baya da kaya, babban yaronsa Benkei shi ne a gaba. Suka iso shingen Ataka, mai tsaron shingen Togashi yace in da gaske masu neman taimako ne to a karanto masa takardar neman taimakon. Babu wata takarda. Benkei ya zaro wata nannaɗaɗɗiyar takarda da ba komai a cikinta ya ware ya hau karatu da ka, da murya kamar aradu, shi kuma Togashi yana matsowa a hankali yana son leƙawa, Benkei yana karkatar da ita. Na ga direbobi da yawa suna wannan da takardun mota da suka ƙare, amma ban taɓa ganin wanda ya kai Benkei ba.

Kafin nan ma tsarin dandalin ya riga ya kama ni. Aka buga wasu katakai biyu, ƙwal, ƙwal, ƙwal, sauti mai tsini yana ƙara sauri, wani mutum ya ja labule mai ratsin baƙi da kore da ruwan goro da hannu yana gudu da shi gefe. Bango ba komai sai zanen ƙatuwar bishiya guda. Makaɗa da mawaƙa a jere kan dakali mai jan shimfiɗa, sun durƙusa ba mai motsi. Na sama suna riƙe da shamisen, tsirkiya uku kamar molonmu sai dai da wani faffaɗan abu suke kaɗa ta kamar matankaɗin hannu. Na ƙasa kuwa naga wata 'yar ganga mai siririn ciki da igiyoyi, mai ita ya ɗora a kafaɗa yana matse igiyar yana saki sauti yana canzawa, nace a raina kai wannan ai ƙanwar kalangu ce. Da muka fito na tambayi sunanta Baba yace kotsuzumi, na yi dariya har ya tsargu, nace mu ma a fada muna da kotso. Ba dangantaka, haɗuwar suna ce kawai, amma ya ciro ɗan littafinsa ya rubuta.

Gaskiya minti goma sha biyar na farko na tuna da ɗan Nima. Maganar a ja take, kalma ɗaya sai a ja ta kamar ana jan guga daga rijiya mai gaba dubu, mutum zai yi taku uku sai ya ɗauki minti guda. Ƙanena da yake taƙamar ya iya yaren ya raɗa min cewa ko kashi ɗaya cikin huɗu ba ya ganewa, tsohon harshe ne, su kansu 'yan ƙasar da yawa da abin kunne suke saurare ana fassara musu. Sai kawai aka zo wani wuri Benkei ya buɗe ƙafa ya ɗaga hannu ya juya kai ya ƙame ƙam, ya zaro ido, wani mutum a gefen dandali ya rafka katakai a kan allo, ɓaf ɓaf! A daidai wannan ɗan shirun wani tsoho da ke bayanmu ya kwatsa wata kalma da ƙarfi, na zabura na waiwaya na ɗauka faɗa ne ko wani ya faɗi. Ba wanda ya ko kalle shi. Can wani daga ɗaya gefen ya sake.

Wannan shi ne abin da ya fi tsaya min a duk tafiyar. Mutanen da a jirgin ƙasa ko tari ba sa yi, ashe suna da sanƙira. Tsayuwar ana ce mata mie, ihun kuma kakegoe, kuma ba sunan mutumin ake kira ba, sunan gidansu ne, kamar Naritaya ga gidan Ichikawa Danjuro, Otowaya ga gidan Onoe Kikugoro, Koraiya ga gidan Matsumoto Koshiro. Wani lokaci su ce mattemashita, wato abin da muke jira kenan. Kuma ba kowa ke yi ba, akwai ƙungiyoyinsu, tsofaffin 'yan kallo da suka san wasan kamar yunwar cikinsu, a can sama suke zama kujerun araha, kuma in ka kuskure daƙiƙar ka ɓata wasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ji yadda ɗan ma'abba ke jefa kirari tsakanin bugun kalangu, ɗan wane jikan wane, ya san abin da nake nufi. Ba ya katse kiɗan, cikinsa yake shiga. Tsigar jikina sai da ta tashi, daga nan ban sake duba agogo ba.

Togashi ya bari su wuce, sai wani yaronsa ya raɗa masa cewa ɗan dakon can ya yi kama da wanda ake nema. Aka tsayar da su. A nan Benkei ya ɗauki sandarsa ya hau jibgar maigidansa a gaban kowa, wai kai malalaci kai kake jawo mana zargi, yace wa Togashi in kana so ma in kashe shi a nan. A zamaninsu bawa ya ɗaga wa ubangidansa hannu abu ne da ba ya ko faɗuwa. Togashi ya gane, ya san shi ne, kuma ya san in ya sake su kansa ne a kan layi, amma ganin abin da mutumin nan ya iya yi don ya tsirar da maigidansa sai ya ce ku tafi, ya ɗaga kai sama ya juya da sauri don kar a ga hawayensa. Daga hawa na huɗu fuskar ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba amma na gani. Matar da ke gefena, tsohuwa da 'yar madubin hangen nesa, tana ta share ido da hankici, kuma na tabbata ta kalli wasan nan ya fi sau ashirin. Bayan sun tsira Benkei ya faɗi gaban maigidan yana kuka yana neman gafara, shi kuma ya miƙa masa hannu. Ni da ban ji kalma ɗaya ba sai gani nayi ina haɗiyar yawu.

Ƙarshen ne aka cuce mu. Akwai wata doguwar hanya ta katako da ta taso daga dandali ta ratsa tsakiyar 'yan kallo ta hagu har bayan zaure, hanamichi, ta nan manya ke shiga da fita. An ja labule Benkei ya rage shi kaɗai a kanta, zai yi fitar da kowa ya zo gani, tsalle da ƙafa ɗaya yana wurga hannu, ganguna suna tashi mutane suna tafi a tare. Daga inda muke farkon hanyar kawai ake gani. Tsalle biyu na gani ya ɓace ƙarƙashinmu, sauran sai dai ƙarar katako, dim dim dim. Na miƙe zan leƙa ƙanena ya janyo min riga.

Haushin wannan ne ya sa bayan kwana huɗu na koma ni kaɗai, na sayi kujerar hawa na uku wajen yen 6,000, shirin rana daga ƙarfe 11 har kusan la'asar. Ko a nan ma ba duka hanyar ake gani ba amma da sauƙi. A nan naga dandalin yana juyawa da gida sukutum da mutanen ciki, gaban gida ya koma baya wani wuri ya fito, dabarar da suka ƙirƙiro a Osaka tun 1758. Naga masu baƙaƙen kaya har fuska suna rarrafe suna miƙa wa 'yan wasa abu suna ɗauke kujera, ƙa'idar ita ce baƙi ba a ganin sa, kowa ya yarda babu su. Naga fentin fuskar nan kumadori, jan layi na jarumi mai zafin zuciya, shuɗi na mugu. Lokacin hutu kowa ya ciro akwatin abincinsa a kan cinya ana ci a kujera, wai har sunan irin wannan abincin makunouchi daga nan ya samo asali, na tsakanin labule. Ni na ci dunƙulen shinkafata, sannan na bi layin wani abu da ake gasawa mai siffar kifi, na ɗauka kifin ne a ciki, na gatsa sai naji wake da suga. Wake fa. Da suga. Na cinye dai saboda sifilin.

Sai rawar. Musume Dojoji, tun 1753. Ƙatuwar ƙararrawa a rataye, furanni ko'ina, wata budurwa cikin jan kaya da hular zinariya ta zo wurin ibada tana roƙon a bar ta ta yi rawa, ashe kurwar wata ce da ta so wani malamin ibada ya guje ta ya ɓuya a cikin ƙararrawa, ita kuma baƙin ciki ya mai da ta macijiya ta naɗe ƙararrawar ta ƙone shi. Kusan awa guda mutum ɗaya yana rawa. Ba irin rawarmu ba ce ta girgiza, wannan wuya ne da yatsu da yadda ake jan ƙafa. Tana cikin rawa wani ya matso ta bayanta a durƙushe ya zare wasu zarurruka, ya fizge, jan kayan nan ya ɓace sai ga ta cikin shuɗi mai haske, ƙiftawar ido ɗaya, zauren duka ya yi wani irin numfashi a tare. A ƙarshe ta haye kan ƙararrawar gashi a warware tana zare ido, kayan jikinta sun koma zanen ɓawon maciji.

Ina ta cewa ta, ta, alhali na san namiji ne. Duk matan kabuki maza ne, onnagata ake ce musu, suna haɗe gwiwa su ɗan rage tsawo, su ja kafaɗa baya su sauke ta, ƙafa ta kalli ciki, shekara da shekaru ana koyo. Na san abin da malamanmu suka faɗa kan namiji ya yi shigar mata kuma ba fatawa na zo bayarwa ba, abin da idona ya gani nake faɗa. Ni dai da na zauna abin da ya faɗo min shi ne tashe, makonni kaɗan kafin nan yaran layinmu sun zo ƙofar gida ɗaya ya ɗaura zanin babarsa ya cusa tsumma a ƙirji yana rangwaɗa muna dariya muna ba su hatsi da canji. Bambancin, namu yaro yana girma ya bari ya ma ji kunyar a tuna masa, nasu kuwa sana'a ce ta gado har tsufa. Sunan ma gadonsa ake kamar rawani, Danjuro na farko an haife shi a 1660, na 13 ya karɓi sunan a 2022 ranar da ɗansa mai shekara 9 shi ma ya karɓi nasa. Kuma da suka ga gado kaɗai ba zai riƙe abin ba, tun 1970 gidan wasa na ƙasa ya buɗe makarantar koya wa 'ya'yan da ba na gidan ba. UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2008. Ina zaune ina lissafin gidajen makaɗan fada nawa na sani da jikokinsu suka koma acaba da sayar da data, raina ba daɗi.

Kyoto muka je da jirgin ƙasa mai gudu na Shinkansen, kilomita wajen 500 cikin awa biyu da kwata, yen 14,000 kowannenmu, na ga dutsen Fuji ta tagar dama kafin in gyara kyamara ya wuce. A bakin kogin Kamo kusa da gadar Shijo, daura da gidan wasan Minami-za, akwai mutum-mutumin wata mata da takobi a kafaɗa da mafici a hannu. Izumo no Okuni, ita ta fara kabuki a 1603 a busasshen gefen kogin nan, kuma shigar maza take yi. Wato abin da yau mace ba ta hawa, mace ce ta kafa shi tana kwaikwayon maza. Gwamnatin lokacin ta hana mata a 1629 saboda karuwanci da faɗace-faɗacen da ake a kansu, samari suka karɓa, su ma aka hana a 1652 kan dalili iri ɗaya, sai ya rage manyan maza. Hukumar tace fina-finai dai ba yau ta fara ba.

Da yake Afrilu ne muka samu Miyako Odori a unguwar Gion, rawar da geiko da maiko, wato ƙwararrun mata masu rawa da kiɗan gargajiya da masu koyo a wajensu, suke yi kusan duk shekara tun 1872, mun shiga ta yen 4,000. A nan kuma mata zalla, har makaɗan. Fitila ta kawo suka shigo ta gefe biyu a jere cikin shuɗin kaya da murya siririya, awa ɗaya suka bi damina da kaka da hunturunsu har suka dawo kan furanni. Kyau kam akwai, ƙafa ashirin kamar ta mutum ɗaya, amma ni ban ji abin da naji a shingen Ataka ba, babu sanƙira babu kuka. A lungunan Gion akwai allunan hana ɗaukar hoto, tara yen 10,000, saboda baƙi sun addabi 'yan matan da bi da kyamara. Dawowa motar dare muka bi, ƙasa da rabin kuɗin jirgi, muka iso Tokyo da asuba wuya a sanƙare, kuma ko shinge ɗaya ba mu gani ba.

Ranar da zan taho Baba ya rako mu tasha ya ba ni ɗan ƙyalle mai zanen kumadori, ni kuma na ba shi hular zanna bukar ɗina da sauran yajin. Tunda ba a ɗaukar hoto a ciki, a shagon ƙarƙashin Kabuki-za na sayi katin hoto guda biyu, ɗaya na Benkei ɗaya na Bando Tamasaburo, babban onnagata na wannan zamanin, haifaffen 1950, wanda shi ma ba ɗan gado ba ne, riƙonsa aka yi a gidan. Na jefa su cikin aljihun akwati na manta.

Uwargida ce ta kwashe kayan. Ina falo ina ba Hajiya rahoton autanta da labarin karen da ya cinye mata kilishi, don ita har yau ta ƙi yarda ba karen aka ba ba, sai ga ta ta fito da kati a hannu ta tsaya a bakin ƙofa, tace Abban Ummi wannan kuma wace ce? Nace namiji ne, kuma ya girmi Kawu. Ta kalli katin ta kalle ni ta miƙa wa Hajiya. Hajiya ta sa tabarau ta kai shi kusa da taga ta daɗe tana dubawa, sannan tace in kira mata ƙanena a waya yanzu yanzu.